Saurar Bakoji

A shekarar 1964 ina aji na ƙarshe a makarantar koyon aikin mulki da ke Zariya, kuma a shekarar ce karatun namu ya sauya kama. Kafin nan abin da ake ɗura mana bai wuce dokokin gwamnati da yadda ake rubuta wasiƙar ofis ba tare da an ɓata wa na sama rai ba. Sai kuma ladubban rangadi: inda za ka sauka, wanda za ka fara gaisarwa, da abin da za ka yi idan an kawo maka rago. Muna haddacewa, muna cin jarrabawa, kowa hankalinsa kwance.

Sai ga Malam Enoch ya dawo daga ƙasar waje da digiri biyu da akwati cike da littattafai. Mutumin kudancin Zariya ne, dogo, siriri, ba ya iya magana sai da alli a hannu. Ranar da ya fara shigowa ajinmu ko zama bai yi ba.

"Mulki ba hawan doki da amsa gaisuwa ba ne," in ji shi. "Ilmi ne. Ba za ka riƙe mutanen da ba ka sani ba, kuma ba ka san su ba sai ka tambaye su, ka ƙirga amsarsu."

Ya kawo mana ilmin zamantakewa, da na tattalin arziki, da ƙididdiga. Tsofaffin malamai suka yi ta masa dariya a bayan ido, suna cewa wai za a koya wa yara mulki da awo kamar masu sayar da gero. Ni kuwa na kamu ƙwarai. Har tafiyarsa na ɗauka, na riƙa yawo da fensir a bayan kunne kamar kafinta.

Ya kamata in faɗi ko ni wane ne, don abin da ya biyo baya ya fito fili. Sunana Mu'azu, haifaffen cikin birnin Zariya. Mahaifina maɗinki ne, kakana ma allura ya riƙe. Daga zauren ɗinki na wuce makarantar kwana, daga can na zo nan. Dawa a kwano na santa, doya kuwa a kasuwa. Ban taɓa riƙe fartanya ba, kuma a lokacin ina ganin wannan abin alfahari ne.

Da bazara Malam Enoch ya rarraba mu ƙauyuka na mako shida, kowa da damin takardun fom mai tambayoyi arba'in da biyu. An buga fom ɗin da Turanci. Kai za ka yi tambayar da Hausa, ka rubuta amsar a gefe yadda aka faɗe ta, sannan ka sa alama a akwatin da ya dace. Ni aka tura ni ƙasar Birnin Gwari, wani ƙauyen Gbagyi mai gida ashirin da uku a bakin daji, tafiyar sa'a uku a ƙasa daga Dogon Dawa. Ana kiransa Unguwar Bakoji, da sunan dattijon da ke riƙe da shi.

Bakoji gajere ne mai faɗin ƙirji, ya haura sittin, da ɗan gemu fari da yake ja idan yana tunani. Yana jin Hausa sarai, amma irin tasu ce: mace da namiji duk "ne" yake ce musu, kuma muryarsa tana hawa inda tamu ke sauka. Ya ba ni ɗaki, ya sa aka riƙa kawo mini doya da miyar kuka, ya raɗa mini suna Ɗan Takarda. Tambayoyina dariya suke ba shi, amma yana amsawa da haƙuri, irin yadda ake amsa wa majinyaci.

Tambaya ta goma sha bakwai ita ce: ƙasar da ke kewaye da gari wadda ba a shuka komai a cikinta bana ba, mece ce? Akwatuna uku ne a ƙarƙashinta. Makiyaya. Wurin ibada ko makabarta. Ragowar ƙasa da ba mai amfani da ita.

Muna zaune gindin ɗorawa da hantsi na nuna masa hayin rafi, inda ciyawar gamba ta fi mutum tsawo har iyakar ganin ido.

"Baba, wancan hayin fa? An shuka wani abu a can bana?"

"A'a."

"To mene ne?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan rana. "Wancan? Saura ne."

Na rubuta "saura" a gefe, na sa alama a akwati na uku. Abin da ya saura, ragowa ke nan, ai magana ta fito. Na bi gida ashirin da uku da wannan tambaya, na samu amsa ɗaya sau ashirin da uku. Na tuna irin daɗin da na ji a lokacin. Malam Enoch ya koya mana cewa ba kasafai amsa ke zuwa ɗari bisa ɗari ba, ni kuwa ga ta a hannuna.

Rahotona ya fi na kowa a aji. Malam Enoch ya karanta shi a gaban ɗalibai, ya kai wa shugaban makaranta, ya aika da kofi ofishin lardi don tsofaffin ma'aikata su ga amfanin sabon karatu. A daidai lokacin kuwa ana neman inda za a faɗaɗa gandun dajin gwamnati a wancan yanki. Ga takarda da lambobi tana cewa hayin rafin Unguwar Bakoji ragowa ne, da bakin mutanen garin duka. Aka zana shi a taswira cikin gandu. Don a karrama ni, aka ce in bi ma'aikatan da za su kafa iyaka, tun da ni na san wurin.

Muka isa ranar Alhamis, ruwan farko ya riga ya sauka. Ni ne, da leburori shida ɗauke da turakun siminti, da Ladan malamin daji, wani baƙin dattijo mai ƙarancin magana da ya shekara ashirin yana yawon wannan daji. Tun a hanya yake kallon taswirar yana tsaki a hankali, amma bai ce mini komai ba. Shi aikinsa ya kafa turke inda aka ce.

Ba mu kai ga kafa na huɗu ba a bakin rafi sai ga mutanen gari sun sauko, maza da fartanya, mata da kaya a kafaɗa yadda suka saba ɗauka. Bakoji na gaba. Tare da shi akwai 'yarsa Martha, wadda ban haɗu da ita ba a zuwana na farko, domin tana koyarwa a makarantar mishan da ke wani gari, hutu ne ya kawo ta.

"Ɗan Takarda, sannu da zuwa," in ji Bakoji. "Wannan dutse na mene ne?"

Na yi masa bayani da murya irin ta ofis. Daga yau hayin rafi gandun gwamnati ne, ba sara, ba shuka, ba ƙuna. Na ƙara da cewa ba za su rasa komai ba, tun da su da kansu suka ce ba sa amfani da wurin.

Bakoji ya ja gemunsa.

"Wa ya ce?"

"Kai ka ce, Baba. Ku duka kuka ce. Ga shi a rubuce."

Martha ta miƙo hannu. "Malam, in ga takardar."

Na ba ta da gadara, har ina nuna mata layin da yatsa. Ta duba akwatin da na sa wa alama, ta duba rubutuna na gefe, sannan ta ɗago.

"Malam Mu'azu, karanta mini wannan kalma."

"Saura."

"Haka ka ji ta?"

"Haka aka faɗa."

"Baba cewa ya yi saura." Ta faɗe ta da wata murya dabam, ta faro ta daga ƙasa ta ɗaga ƙarshenta. "Saura ce. Gonar da aka bari ta huta. Kai ba Bahaushe ba ne? Kalmarku ce fa, ba tamu ba."

Na san kalmar. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Na taɓa cin karo da ita a wani littafin firamare, na wuce ta yadda ake wuce sunan garin da ba za a je ba. Da Bahaushen ƙauye ne ya ce mini "saura ce", wataƙila da "ce" ɗin ta tsayar da ni. Amma Bakoji "ne" yake ce wa komai, muryarsa kuma ba ta bin hanyar tamu, a takarda kuwa kalmomin biyu harufansu ɗaya ne, ba abin da ya raba su.

Duk da haka na yi gardama, domin mai satifiket a gaba ba ya saurin sakin magana. Na ce wannan daji ne, kowa na gani, ina gona a nan? Ladan ne ya taɓa hannuna.

"Zo, Malam."

Ya shiga cikin gambar, na bi shi. Ba mu yi taku ashirin ba na yi tuntuɓe na kife. Na tashi, na sake taku uku, na sake tuntuɓe. Ladan ya sa adda ya share ciyawar. Ga tsofaffin kunyoyin doya nan a jere, sun lafa amma ba su ɓace ba, layi bayan layi. Ya nuna mini kaɗanya da ɗorawa da aka bari tsaye da tazara, ya ce daji ba ya shuka itace da tazara haka.

"Tun a hanya na so in faɗa," in ji shi. "Na ga takarda ce daga sama."

Da muka fito Bakoji ya yi mini lissafin da fom ɗina bai tambaya ba. Shekara bakwai suke noma wannan gefen rafi, shekara bakwai wancan, tun zamanin kakansa. Bana ce ta bakwai. Gonakin da suke ciki yanzu sun gaji, ciyawar wuta-wuta ta cinye dawa, doyar da ake tonowa ba ta fi dunƙulen hannu ba. Da kaka za su ƙetare su fara sharar hayi. Idan ba hayi, ba abin da za su ci baɗi.

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

"Ka gyara takardarka, Ɗan Takarda," ya ce. "Kai ka rubuta, kai za ka goge."

Na ce zan gyara, na rantse zan gyara. Na sa Ladan ya dakatar da leburori, muka koma Dogon Dawa da la'asar.

Ga yadda abin yake. Taswirar tana teburin Di'o, babban jami'in mulki, a ofishin lardi, kuma na san ranar Litinin za a aika da ita Kaduna a sa hannu. Lori na wucewa ta Dogon Dawa zuwa Funtuwa sau biyu a mako, Juma'a da Talata, daga Funtuwa kuma mota ba ta yankewa zuwa Zariya. Idan na hau ta Juma'a, zan tsaya gaban Di'o ranar Asabar da safe, takarda na nan ba ta tafi ba. Abu ne mai sauƙi, yaro ma zai iya wannan lissafi.

Da safiyar Juma'a na fito bakin hanya da jakata. Ina jiyo kukan lorin daga nesa sai tunani ya taso mini. Na ga kaina tsaye a ofishin Di'o ina cewa, ranka ya daɗe, ban san Hausa ba. Na ga tsofaffin malaman nan suna dariya har da riƙe ciki, ga sabon ilmin Enoch, ɗalibinsa na farko bai san gona ba. Na ga Malam Enoch, wanda ya ɗora sunansa a kan rahotona ya kai har gaban shugaba. Mako biyu ya rage a ba mu satifiket, an kuma riga an yi mini raɗa cewa sunana na cikin waɗanda za a naɗa mataimakan Di'o. Mahaifina ya fara ɗinka mini rigar bikin, da hannunsa yake yi mata aiki.

Lorin ta tsaya. Direba ya leƙo ya ce, "Malam, Funtuwa?" Na ce a'a, wani nake jira. Ta tashi ta bar ni tsaye da jaka.

Na gaya wa kaina cewa ba tsoro ba ne, shiri ne. Ai ba a zuwa gaban babba hannu biyu, sai da hujja. Na kwashe yinin Juma'a a rumfar mai shayi ina rubuta wasiƙa. Ta farko ta ce "an samu ɗan saɓanin fahimta". Ta biyu ta ce "mazauna wurin ba su bayyana manufarsu sosai ba", na karanta ta na ji kunya na yage. Ta uku ta ɗora laifin a kan fom, wanda ba shi da akwatin gonar hutu, kuma wannan gaskiya ne, amma ɗora shi a kan fom ɗora shi ne a kan Malam Enoch. Duk wasiƙar da na fara sai ta zo wurin da dole in rubuta "ni", sai fensir ya ƙi tafiya.

Ranar Asabar na ce ai ofisoshin gwamnati ba su cika alkawarin rana, Litinin ɗinsu takan zama Litinin ta wata mai zuwa. Na riƙe wannan tunani da hannu biyu. Duk wanda ya doso daga hanyar daji sai gabana ya faɗi, ina zaton Bakoji ne. Ladan yana zaune nesa kaɗan yana wasa addarsa, ba ya kallona, kuma rashin kallon nan ya fi kallo nauyi.

Ranar Lahadi da azahar Martha ta zo. Ta taso daga coci ta yi tafiyar sa'a uku don ta ji abin da Di'o ya ce. Ta gan ni zaune a rumfa, ga jakata a gefe.

"Har ka dawo, Malam?"

Da na ce e, da ta yarda. Na buɗe baki, ƙaryar na kan harshena.

"Ban tafi ba."

Ta dubi jakata. "Motar ba ta zo ba?"

"Ta zo."

Ta gyara ɗankwalinta, ta ce, "Baba ya hana samari tuge turakun nan. Ya ce Ɗan Takarda ya ci doyarmu mako shida, ba zai bari a ƙwace mana hayi ba." Ta juya ta kama hanya, ko ruwa ba ta sha ba.

Ban jira lorin Talata ba. Da asubar Litinin na ari keken Ladan na kama hanyar Funtuwa. Ruwa ya ɓata hanya, wani wurin in hau, wani wurin in tura, taya ta yi faci sau biyu. Na shiga Funtuwa bayan la'asar, na isa Zariya an daɗe da rufe ofis. Talata tun kafin masinja ya buɗe ƙofa ina tsaye, da laka har gwiwa.

Di'o mutum ne mai sanyin hali, ya saurare ni har ƙarshe. Wannan karon na faɗi "ni" ba tare da wahala ba, abin mamaki, kalma ce ƙarama. Ya cire tabarau ya goge.

"Yaushe ka gane?"

"Ranar Alhamis, ranka ya daɗe."

Ya dubi kalandar bango, ya dube ni. "Jiya da ƙarfe goma jakar Kaduna ta tafi. Ranar Asabar taswirar nan tana ƙarƙashin hannuna, da jan biro ɗaya zan gyara ta. Yanzu ta shiga layin doka. Idan aka buga ta a jaridar gwamnati, fitar da ita sai an yi wata dokar."

Ya buga waya Kaduna a gabana, aka ce mai fayil ɗin ya fita. Ya sake bugawa da rana, aka ce an riga an wuce da shi gaba.

Daga nan na tafi wurin Malam Enoch. Na same shi a aji shi kaɗai yana share allo. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya karɓi fom ɗin, ya zauna a bencin ɗalibai, ya tsura wa tambaya ta goma sha bakwai ido.

"Akwati uku," ya ce. "Daga littafin wata ƙasa na kwafo su, inda ba a barin gona ta huta. Mu'azu, ni ɗan manomi ne. Ubana yana da saura. Na san ta kafin in san harafi, amma da na zauna tsara takarda ban tuna da ita ba." Ya ɗago. "Wannan laifina ne. Kwana huɗun nan da ka ɓata kuwa naka ne, kada ka bari kowa ya ɗauke maka su."

Muka rubuta wasiƙa tare, da sunana da nasa, ba "ɗan saɓani" a ciki. Tsofaffin malamai sun yi dariyarsu kamar yadda na zata, ta yi mako guda ta wuce. Aka ba ni satifiket, aka naɗa ni mataimakin Di'o, na sa rigar da mahaifina ya ɗinka. Ashe abin da na tsaya tsoro a bakin hanya ba wanda ya yi niyyar taɓa shi. Malam Enoch ya ƙara akwati na huɗu a fom, ya kuma kafa doka cewa ɗalibi ba zai sa alama a kan ƙasar da bai taka da ƙafarsa ba. Na ji an daɗe ana koyar da wannan bayan ya bar makarantar.

An buga taswirar kafin kaka. Wasiƙarmu ta shiga fayil, fayil ya shiga wani fayil. Duk wata uku nakan rubuta tunatarwa daga duk garin da aka tura ni. Aka yi juyin mulki, aka raba jihohi, takardu suka yi ta ƙaura daga wannan ofis zuwa wancan, yaƙi ya zo ba wanda ke da lokacin hayin wani rafi. Sau biyu fayil ɗin yana ɓacewa, sau biyu ina sake haɗa shi daga kofin da na ajiye. Ban koma Unguwar Bakoji ba a duk shekarun nan. Nakan ce sai na samu abin da zan kai musu, amma gaskiyar ita ce fuskar tsohon nake tsoro.

A 1971 amsa ta fito. An yarda an yi kuskure, an fitar da hayin rafi daga gandu, an mayar wa mazauna Unguwar Bakoji. Ban ba masinja ba. Na ɗauki hutun kwana uku, na ajiye mota a Dogon Dawa, na shiga hanyar da ƙafa, takardar na aljihun ƙirjina ina taɓa ta kowane ɗan lokaci.

Hanyar ta ƙanƙance, ciyawa ta haɗe ta a wurare da yawa. Ban ji ƙarar daka ba da na matso, ban ga hayaƙi ba sai wani siriri guda ɗaya. Ɗakuna sun rufta, rumbuna sun fashe, ƙaya ta fito a tsakar gidajen da na zauna na yi tambaya arba'in da biyu. Na ƙirga gidajen da ke da jinka, domin ƙirga ce kawai abin da na iya. Uku ne.

Bakoji yana nan gindin ɗorawar, ya rame, idonsa ya yi fari-fari. Na yi sallama na durƙusa.

"Baba, Mu'azu ne."

Ya karkata kai. "Ɗan Takarda?"

"Ni ne, Baba. Na kawo gyaran."

Na karanta masa da Turanci yadda take, sannan na fassara, ina bin kowace kalma a hankali. Ya saurara yana jan gemu. Da na gama ya juya fuskarsa wajen hayi, inda yanzu itatuwa suka yi kauri, suka haɗe kai.

"Ya huta da yawa," ya ce. "Yanzu sai gatari, sai samari."

"Ina samarin, Baba? Ina Martha? Ina mutanen gari?"

Ya fara lissafa mini su da yatsu. Martha ta kwashe 'yan'uwanta sun koma Damari tun shekara ta biyu da kafa turaku, lokacin da doya ta ƙi. Wasu sun yi Gwaska, sun karɓi aron gona. Samari huɗu sun shiga soja, biyu sun dawo, ba nan suka dawo ba. Wasu Kaduna, suna dako. Ya kai ƙarshen yatsunsa ya bar hannun a buɗe a kan gwiwa.

Sannan ya nuna kansa, ya nuna tsofaffi biyu da suka fito suka tsaya a ƙofar ɗakunansu suna kallon baƙo.

"Mu ne saura," in ji shi.

Wannan karon na ji shi daidai.